Jakar Goyo Mai Sauƙin Kuɗi Don Farauta A Tsaunukan Yammacin Amurka: Wacce Ce Za Ta Iya Fito Da Nama?

A jihohin yammacin Amurka irin su Kolorado da Aidaho da Montana da Wayomin, akwai wata farauta da maharbi ke ajiye motarsa a inda hanya ta ƙare, ya goya tantinsa da guzurinsa ya nausa cikin tsaunuka, ya yi kwana uku ko biyar ko mako guda yana bin sawun elk, wata dabba dangin barewa wadda riƙaƙƙen namijinta kan kai kilo 320, wato ya ɗara gwanki girma. Mafi yawan wuraren nan filayen gwamnati ne da duk mai lasisi ke da damar shiga, amma a sassan da dokar kare dazuzzuka ta 1964 ta keɓe, kamar dajin Frank Church na Aidaho mai faɗin eka fiye da miliyan 2, ko dajin Bob Marshall na Montana, an hana shiga da mota ko babur, kai har keke da baro ma ba a yarda da su ba. Doki da alfadari aka bari, hayarsu kuwa ba ta talaka ba ce. Ga shi kuma dokokin jihohin sun haramta wa maharbi ya cire ƙaho ya bar nama ya ruɓe a daji, wanda aka kama da haka yana iya shan tara, a kuma ƙwace masa lasisi. Saboda haka duk abin da mutum ya harba a bayansa zai fito da shi, kuma jakar da ya goya ce za ta nuna ko fitowar za ta zama gajiya kawai ko kuwa azaba.

Kafin maganar farashi, ya kamata a san irin nauyin da ake batu a kai. Mai shiga daji na kwana huɗu ko biyar yakan ɗauki kilo 18 zuwa 22 idan aka haɗa tanti da jakar barci da abinci da ruwa da madubin hangen nesa, kuma kusan kowace jaka mai ɗan inganci za ta iya da wannan. Fitowa ce matsalar. Namijin elk, bayan an feɗe shi an zare ƙashi, yana ba da tsoka zalla ta kimanin kilo 90 zuwa 100, cinyarsa guda da ƙashinta tana kai kilo 30, ga kuma ƙaho da kayan sansani suna jira. Mutum ɗaya ba ya kwashe wannan a ƙasa da sahu uku ko huɗu, kowane sahu da kilo 35 zuwa 45. Idan dabbar ta faɗi a nisan kilomita 6 daga mota, sahu huɗu tafiyar kilomita 42 ke nan, 24 daga ciki da kaya a baya, a kan gangare da faɗaɗɗun itatuwa, a tudun da ya haura mita 2,500 inda numfashi kansa ke zama aiki. A watan Satumba kuma, lokacin masu kwari da baka, zafin rana ba ya barin nama ya jira mutum ya huta. Don haka mai saye ya san cewa jakar da za ta fito da kilo 40 yake nema, kuma abin da ke ɗaukar kilo 40 shi ne firam, wato ƙashin bayan jakar mai tauri, da ɗamarar ƙugu. Buhun da ake zuba kaya a ciki, da aljihunansa da launinsa, su suka fi jan ido a shago, amma su ne na ƙarshe wajen muhimmanci, kuma a kansu ne mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya yi tsimi.

A 1952 ne Dick Kelty ya fara ƙera jaka mai firam na alminiyom a Kalifoniya, wadda daga baya aka ƙara mata ɗamara mai soso, sai kuma a 1967 Greg Lowe ya fito da mai firam a ciki, wadda ke manne wa baya. Duk jakunkunan da za a ambata a nan ko dai masu firam na waje ne irin ta Kelty, ko masu firam a ciki irin ta Lowe. Aikin firam shi ne ya karɓi nauyin kaya ya miƙa wa ɗamara, ita kuma ta ɗora shi a kan ƙashin ƙugu, yadda kafaɗu ba za su ɗauki komai ba sai ɗan kaɗan. Duk wadda ta taɓa goyo ta san abin da ke faruwa idan majanyi ya saki: yaro ya zazzago ƙasa, ya janye daga baya, nauyinsa ya zama kamar an ninka, uwar ta koma tafiya a sunkuye, alhali idan ɗaurin ya kama tamau wuni za ta yi tana aikinta. Firam mai lanƙwashewa da ɗamara mai zamewa haka suke yi wa maharbi, kuma ba a gane halinsu a shago da jaka fayau, sai an loda musu kaya.

Akwai wasu gajerun igiyoyi biyu da ke tashi daga saman maratayan kafaɗa su kama kan firam, su ne ke janyo kaya su manne da baya, su kuma ɗage maratayin daga kan kafaɗa. Ba sa amfani sai kan firam ya zarce kafaɗar mai goyon, har igiyar ta miƙe sama da kusurwar digiri 30 zuwa 45, shi ya sa masu ƙera jakar farauta ke yin firam mai tsawon inci 24 zuwa 26. Wannan ne ya sa awon baya ya zama wajibi kafin a biya ko kwabo. Ana auna shi ne daga ƙashin nan da ke turowa a gindin wuya idan an sunkuyar da kai, zuwa daidai saman ƙashin ƙugu, kuma na mafi yawan manya yana tsakanin inci 16 da 21. Tsawon mutum ba ya nuna tsawon bayansa, domin dogo mai dogayen ƙafafu yana iya zama da gajeren baya. Jakar dala 700 da ba ta dace da bayan mutum ba, ta dala 150 da ta dace ta fi ta. Abu na gaba da ya raba jakar farauta da sauran jakunkuna shi ne mazaunin nama: buhun yana iya janyewa daga firam a buɗe wani gurbi a tsakaninsu, a sa nama a nan a ɗaure, sannan a maido buhun a kai a tamke. Da haka nama, wanda shi ne mafi nauyi, ke mannewa da baya, jini bai taɓa jakar barci ba, kuma a sahun farko mutum ya fito da nama da kayan sansani a tare.

Girman buhu ba shi da wuyar yankewa. Amurkawa da kubik inci suke rubuta shi, kuma kowane 1,000 lita 16 ne da ɗan ɗori. Kwana uku zuwa biyar na buƙatar lita 65 zuwa 85, mako guda ko lokacin dusar ƙanƙara na Oktoba da Nuwamba kuma lita 90 zuwa sama. Wani abu da masu ba da shawara kan manta shi ne, mai sayen jaka mai araha galibi sauran kayansa ma masu araha ne, kuma tanti da jakar barci masu araha sun fi masu tsada cin wuri nesa ba kusa ba. Don haka talaka ya fi mai kuɗi buƙatar babban buhu. Babbar jaka ana iya tamke ta ta ƙanƙance idan kaya kaɗan ne, ƙarama kuwa ba ta da yadda za ta yi ta ƙaru.

Jakunkunan ƙasa da dala 100 da suka cika kasuwannin intanet, masu yadin ɓad-da-kama da aljihuna barkatai da hoton ƙaho a jiki, ba su cancanci dogon bayani ba. Ƙarfen bayansu siriri ne ko babu shi sam, sosonsu yana lotsewa, ɗinkin maratayinsu kuma ba a yi shi don kilo 40 ba. Suna yi wa mai farautar wuni a kusa da mota, a nan amfaninsu ya tsaya.

Jakar masu yawon duwatsu, irin Osprey Aether ko Gregory Baltoro, ta fi wannan daraja sosai, kuma mutane da yawa suna da ita a gida tun kafin su fara tunanin farauta. Sabuwa tana kai dala 300 da ɗoriya, amma ta hannu tana da yawa kuma da sauƙi. Wajen daɗin goyo da daidaita tsawon baya babu mai araha da ta kama ƙafarta, sai dai kamfanonin da kansu sun ƙayyade mata nauyin da bai wuce kilo 25 zuwa 27 ba, kuma ba ta da mazaunin nama, dole a zuba shi cikin buhun. Ga mai farautar barewar tsaunuka mai manyan kunnuwa, wadda namanta zalla bai cika wuce kilo 25 zuwa 30 ba, wannan jakar ta isa, musamman idan su biyu ne za su raba kayan. Ga elk kuwa za ta yi, amma da sharaɗin ƙara yawan sahu. Akwai dabarar da wasu ke yi wadda na ga hikimarta: su shiga daji da jakar yawon da suke da ita, su bar firam ɗin dako mai araha a mota, idan sun yi sa'a su fito da sahun farko marar nauyi sosai, wato naman gadon baya da guntattaki, sannan su koma da firam ɗin don cinyoyi da karfata. Kuɗi kaɗan ne ke fita ta wannan hanya, abin da ake biya shi ne ƙarin tafiya, kuma idan nisan ya wuce kilomita 7 ko 8 ƙarin ba ƙarami ba ne.

Gwanjon kayan sojan Amurka ya daɗe yana rufa wa masu ƙaramin ƙarfi asiri, amma iri uku ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Mafi tsufa ita ce ALICE, wadda rundunar sojan ta amince da ita a 1973. Ba ta lalacewa da wuri, tana da araha ƙwarai, sai dai firam ɗinta gajere ne, an kuma tsara ta ne ta zauna a saman bel ɗin soja mai ɗauke da harsasai da gorar ruwa, don haka ɗamararta ba ta kama ƙugu yadda ya kamata, nauyin duk a kafaɗa yake sauka. Ban ga dalilin da zai sa a saye ta don dakon nama ba alhali ƙanwarta tana nan. Ƙanwar ita ce babbar MOLLE II, mai firam na roba mai tauri da ramuka da yawa na zura igiya, buhunta lita 65, da aljihunan gefe biyu kuma ta haura 80, ba ta kuma cika wuce dala 150 ba. Ana iya kwance buhun a ɗaure cinya kai tsaye a jikin firam, ɗamararta kuma tana da faɗi da kauri. Aibinta uku ne: ita kaɗai fayau tana kai kilo 4, firam ɗin yana yi wa mai dogon baya gajarta har igiyoyin saman kafaɗa su rasa aikin yi, kuma firam ɗin samfuran farko ya yi suna wajen tsagewa, saboda haka a lalubi kowane lungu nasa kafin a biya.

Ta ukun, ILBE, ita ce ta fi burge ni a cikinsu. Kamfanin Arc'teryx na Kanada ne ya zana ta bisa wata jakarsa ta masu hawan dutse, Propper ya ɗinka wa rundunar Marin ta Amurka, girmanta kimanin lita 75, da sandunan alminiyom biyu a ciki da ɗamara mai kauri. Rundunar ta sauya ta ne musamman saboda ba ta zama daidai a kan rigar sulke, wato an yi ta ne don bayan mutum tsurarsa, kuma wannan aibi a wurin soja alheri ne a wurin maharbi. Tana ɗaukar nauyi mai yawa ba tare da ta lanƙwashe ba. Ba ta da mazaunin nama, nauyinta ya yi kusa da na MOLLE II, kuma tun da an daɗe da daina ɗinka ta, da yawa daga waɗanda ke kasuwa sosonsu ya mutu ko rufin cikin yadinsu ya fara ɓarewa. Ɗamararta ma girma-girma ce, kuma mai sayarwa ba kullum yake faɗin wacce ke jiki ba, sai an tambaya. Wanda ke da niyyar wata rana ya kai irin waɗannan jakunkuna gida Najeriya ya tuna cewa jami'an tsaro ba sa wasa da ganin kayan soja a hannun farar hula, gara ya bar ta a inda ya saye ta.

A cikin sababbi, wadda aka fi ambata idan ana maganar araha ita ce Commander ta kamfanin ALPS OutdoorZ na jihar Mizuri, firam da buhu a haɗe a kewayen dala 200, sau da yawa ma ƙasa da haka. Firam ne na alminiyom irin na da, dogo, mai kanta mai naɗewa a ƙasa da igiyoyin ɗaure kaya, buhunsa lita 86, nauyinsu duka kimanin kilo 3.3, kuma ana iya matsar da maratayi ya dace da baya mai inci 17 zuwa 23. Irin wannan tsari ba abin rainawa ba ne, domin har yau masu farautar manyan dabbobi a Alaska da firam na waje suke dako, kuma ƙarfen ba zai lanƙwashe da cinyar elk ba. Inda araha ta nuna kanta shi ne ɗamara: sosonta yana da laushi, idan kaya suka haura kilo 30 zuwa 35 sai ta fara zamewa, mutum ya riƙa tsayawa yana ɗaga ta yana ƙara tamkewa. Kantar kuma tana ƙasa sosai, idan aka ɗora nama a kanta kai tsaye yakan zauna ƙasa da inda ya dace ya riƙa jan mutum baya, maganin haka shi ne a sa wani abu marar nauyi a ƙasa ko a ɗaure naman sama kaɗan. Buhun yana maƙale ne da ƙusoshi masu zobe, waɗanda ke ƙara da ƙiƙi-ƙiƙi yayin tafiya, kodayake salatif yana rage wannan. Faɗin firam ɗin yana kama rassa a cikin duhuwa, kuma ba abin da mutum zai so ya yi sanɗa da shi ba ne. Tun da sai an cire buhu kafin a loda nama sosai, fito da sansani da nama a sahu ɗaya yana da wuya. Duk da haka, ga wanda zai yi wannan farauta sau ɗaya a shekara, ko yake son ya gwada ya gani ko za ta karɓe shi, Commander tana yin aikin da aka saye ta dominsa, kuma sabuwa ce da za a iya mayarwa idan ba ta dace ba, abin da gwanjo ba ya bayarwa.

Mataki na gaba shi ne sayen firam mai kyau shi kaɗai a jinkirta buhu. F1 Mainframe na kamfanin Eberlestock da ke Boise a Aidaho, wanda Glen Eberle ya kafa, tsohon ɗan wasan gudun ƙanƙara da harbi da ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1984, misali ne mai kyau. Firam ne siriri mai kanta a jiki, nauyinsa kusan kilo 2, kuɗinsa tsakanin dala 200 da 300, ana ɗaura masa kowane irin buhu marar shan ruwa, daga baya kuma a sayi nasa buhunan da ke haɗuwa da zif. Ya fi Commander mannewa da baya da rashin hayaniya. Mai dogon baya ya nemi dogon samfurinsa, domin na yau da kullum gajere ne. Manyan kamfanoni ma suna sayar da firam da ɗamara daban, kuma mutum na iya ɗaura musu buhun dala 30 ya shiga daji. Ba shi da kyan gani, ciro abu daga ciki ma sai an kwance igiya, amma kuɗin ya tafi inda ya kamata ya tafi.

Manyan kamfanonin su ne Kifaru, wanda Patrick Smith ya kafa a Kolorado a 1997, da Mystery Ranch da Stone Glacier na Bozeman a Montana, da Exo Mtn Gear na Aidaho, da Kuiu na Kalifoniya. Cikakkiyar jakarsu sabuwa tana tsakanin dala 500 da 800, nauyinta kilo 2.5 zuwa 3, kuma dukkansu suna da mazaunin nama da dogon firam da ɗamarar da ke riƙe ƙugu ko da kilo 45. Sabuwa ta fi ƙarfin wanda ake wannan bayani dominsa, amma ta hannu ba ta fi ba, kuma a ganina ita ce zaɓi mafi riba ga duk wanda ya tabbata zai ci gaba da wannan farauta. Dalili kuwa shi ne maharban Amurka suna da son sauya kaya, duk lokacin da sabon samfuri ya fito sai na baya ya cika eBay da Facebook Marketplace, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu bayan an rufe farauta, kuma sau da yawa farashin kan sauko da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Tsofaffin samfura irin su Metcalf na Mystery Ranch, K2 da K3 na Exo, Sky 5900 na Stone Glacier da Icon Pro na Kuiu sun yi shekaru suna fito da elk daga tsaunuka, fitowar sabo bai rage musu komai ba. Wata riba kuma ita ce idan ba ta dace ba ana iya sake sayar da ita kusan yadda aka saya, alhali jakar araha da zarar ta bar shago darajarta ta faɗi.

Sai dai sayen na hannu yana son ido. Abu na farko da za a tambaya shi ne girman ɗamara da tsawon firam, domin a waɗannan kamfanoni ɗamara girma-girma ce, kuma sayen wata daban zai cinye rangwamen da aka samu. Ɗamarar da ta dace ita ce wadda sosonta ya zagayo ya rufe gaban ƙashin ƙugu amma bakunanta biyu ba su haɗu ba, kuma a bar rara, tun da mutum yakan rame bayan kwanaki a tsaunuka. A matsa soson da yatsa a ga ko yana dawowa. A duba ɗinkin da ya haɗa maratayi da firam da wanda ya riƙe mazaunin nama, a nan ne gajiya ke fara bayyana. Idan firam ɗin na zaren kabon ne, kamar na Kuiu, a nemi hoton gefunansa a kusa, domin tsaga a jikinsa ba ta gyaruwa. Maɓallin roba da ya karye ba abin damuwa ba ne, kuɗinsa kaɗan ne kuma ana sauya shi a gida, tabon jini ma yana fita da ruwan sanyi da sabulu, amma zif ɗin da haƙoransa suka lalace aiki ne babba. A kuma tambayi kamfanin ko garantinsa yana bin jaka ko kuwa mai sayen farko kaɗai ya shafa, sannan a biya ta hanyar da za a iya dawo da kuɗi idan kaya ba su iso ba, domin 'yan damfara sun san irin kayan da ake rububi.

Akwai abubuwan da ake ƙara wa jaka kuɗi saboda su waɗanda ban ga sun cancanta ba. Na farko shi ne yadin ɓad-da-kama. Elk da barewa ba sa bambance launuka kamar mutum, hanci da kunne da ganin motsi ne makamansu, don haka jaka mai launin ƙasa ko toka ko kore ta wadatar, kuma a lokacin farautar bindiga Kolorado ta wajabta sa riga mai launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli da ba ta gaza murabba'in inci 500 ba a saman ƙugu, haɗe da hula, har ma mutane kan lulluɓe jakar da mayafi mai launin lemo don kada ta rufe rigar. Kuben bindiga da ake ɗinkawa a jikin wasu jakunkuna yana da daɗi, amma yana ƙara nauyi yana kuma tura kaya nesa da baya, igiyoyin gefe suna riƙe bindiga ko baka. Yadin Cordura mai lamba 500 ya isa, mai lamba 1,000 irin na soja ƙarin nauyi ne kawai ga maharbi. Aljihuna masu yawa kuma kowannensu zif ne da zai iya lalacewa. Abin da ya cancanci a duba, wanda ba a cika tallarsa ba, shi ne ko ɗamara tana da wurin maƙala gwangwanin feshin korar beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, domin a sassan Montana da Wayomin da Aidaho inda beyar girizili ke zaune, mai ɗauke da ɗanyen nama yana buƙatar feshin a inda hannunsa zai kai nan take. Kuɗin da aka tsimi a kan launi da aljihuna gara a sa shi a buhunan nama na yadi masu shan iska, tun da naman da aka ƙunshe a leda da ɗuminsa lalacewa yake yi, da kuma sandunan dogarawa biyu, waɗanda ke ceton gwiwa a gangare.

Idan aka auna duka, wanda abin hannunsa bai wuce dala 150 ba kuma bayansa matsakaici ne ya nemi MOLLE II mai lafiyayyen firam, ko ILBE idan ya dace da wadda sosonta ke da rai. Wanda ke da kusan dala 200 kuma ba ya son kasadar gwanjo ya ɗauki Commander, ya san cewa zai riƙa rage nauyin kowane sahu. Mai jakar yawo a gida, wanda barewa ce a gabansa, kada ya sayi komai a bana. Wanda kuwa zai iya haɗa dala 350 zuwa 450 kuma elk yake nufi shekara bayan shekara, ya yi haƙuri ya jira ta hannu daga manyan kamfanoni, ko ya sayi firam ɗinsu shi kaɗai, domin sayen Commander a bana da sayen ta manyan kamfanonin a baɗi ya fi tsada a kan sayen tasu sau ɗaya.

Kowacce aka zaɓa, a gwada ta kafin ranar tafiya. A sa buhun yashi mai kilo 20 a ciki, a tallafe shi da bargo daga ƙasa yadda zai zauna tsakanin kafaɗu da tsakiyar baya, a fara ɗaure ɗamara a kan ƙashin ƙugu, sannan maratayi, sannan igiyoyin sama, a ƙarshe igiyar ƙirji, a yi tafiyar awa guda a wuri mai hawa da gangara. Bayan makonni a ƙara yashin zuwa kilo 30, sannan 40. Idan ɗamara tana zamewa duk da an tamke ta, ko hannaye suna mutuwa, ko wani wuri a ƙugu yana saɓulewa, jakar ba ta dace da wannan jikin ba, kuma daji ba zai gyara ta ba. Shi ya sa ya fi kyau a saya tun watan Maris ko Afrilu, yadda za a sami lokacin mayarwa ko sake sayarwa a nemi wata kafin a buɗe farauta a Satumba.